Kafin a Tuhumi Aljani, a Leƙa Randa

Ranar wata Litinin cikin watan Afrilu, hantsi bai ko dubi ludayi ba, aka kira ni daga makarantar da 'yar ƙanwata take. "Malam, ka zo maza, yarinyarku ta faɗi." Na tari kilando, wato ɗan acaɓa, muka keta ƙura. Ko da na shiga harabar, na tarar an yi mata zobe, mutum ya fi ashirin, kowa da nasa maganin. Wata ta tallabo ta a zaune ta jingina ta da ƙirjinta. Wani ya fasa albasa yana kanga mata a hanci. Wata ɗaliba tana ta ƙoƙarin ɗura mata ruwa ta gefen baki, mai gadi kuwa tuni ya aika a samo garwashi a yi hayaƙi. Aka ce mini sau biyu tana farfaɗowa, sau biyu suna miƙar da ita don a kai ta ofis, tana sake sulalewa. Wannan komawar ce ta gama tabbatar wa jama'a cewa abin ba na lafiya ba ne. Na ji wani daga bayana yana cewa, "Ai sun ƙi sakinta."

Allah ya jefo wata mata, ma'aikaciyar jinya ce, ta zo biyan kuɗin makarantar ɗanta. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta ce, "Ku ja baya ku ba ta iska. Ke, sake ta ta kwanta." Ta shimfiɗe yarinyar rigingine a inuwar bango, ta ɗora ƙafafunta bisa jakunkunan littattafai guda biyu, ta sassauta mata mayafi, ta jiƙa ɗankwali ta shafe mata fuska da wuya. Ba a yi minti guda ba idanu suka buɗe. Ta dube ni ta ce, "Kawu, me ya kawo ka?"

Matar ta ce, "Kada ki tashi tukuna, 'yata. Me kika ci da safe?"

"Ba komai, Tanti. Na makara."

"Ruwa fa?"

Sai ta sunkuyar da ido. Daga baya na gane dalili: yawancin 'yan matan makarantar ba sa shan ruwa kafin su fito, don kada fitsari ya matse su su shiga bayan gidan makarantar, wanda ba ya shiguwa. Matar ta yi mata wata tambaya a kunne, ta gyaɗa kai. Ga yunwa, ga ƙishirwa, ga jinin al'ada, sannan aka jera su a rana wajen ɗaga tuta, aka yi ta jawabi ya fi rabin awa.

Da muka isa gida uwarta ta tare ni a zaure. "Yaya, ni dai a kai ta wurin malam." Na ce za a kai ta, amma sai mun biya an auna jininta. Duka biyun muka yi. Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa.

Tun ranar nake juya abin a raina. A garin nan na Injamena, in mutum ya yanke jiki ya faɗi, mun fi saurin tambayar wa ya taɓa shi a kan tambayar yaushe rabonsa da ruwa. Kuma a 'yan mintocin farkon nan, da kyakkyawar niyya, muna yin daidai abin da zai hana shi farfaɗowa.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta ajiye na anjima. Jini ya yanke mata na daƙiƙa 6 zuwa 8, ta kashe fitila. Ɗan Adam kuwa kansa a sama yake, kullum zuciya hawan tudu take yi da jini. Da zarar ka miƙe tsaye, kimanin rabin lita zuwa lita guda na jininka ya gangara ciki da ƙafafu. Ba ka jin komai, domin nan take jijiyoyi sun tsuke, zuciya ta ƙara sauri, naman sha-raɓa kuma yana matso jinin sama duk takun da ka yi. Wanda ya tsaya ƙiƙam ya kashe wannan famfo na ƙafa. In da zafi, jiki ya buɗe jijiyoyin fata don ya huce, wani kason jinin ya tafi can. In an yi gumi ba a mayar ba, abin da ke yawo a jijiya ya ragu. Sai a kai wani mataki da jiki zai rikice, maimakon ya tsuke ya ƙara sauri, sai ya saki jijiyoyi ya rage bugun zuciya. Tsoro, ganin jini, allura, ko mummunan labari duk suna iya taka wannan tarko ko da babu rana. Mutum ya ji jiri, tashin zuciya, gumi mai sanyi, kunne ya toshe, gani ya dushe, sai ƙasa.

To, abin lura a nan, faɗuwar ita ce maganin. Da ya kwanta, kai ya daidaita da zuciya, babu sauran hawan tudu, jini ya koma, fitila ta kamu. Shi ya sa irin wannan suma ba ta cika wuce minti ɗaya ko biyu ba. Wanda ya rungume mai suma a zaune, ko ya kama shi ya miƙar, ya ƙwace masa maganin da jikinsa ya haɗa masa. Abin da aka yi wa 'yar ƙanwata ke nan har sau biyu, aka ɗora laifin a kan waɗanda ba a gani.

Kuma abin ba baƙo ba ne. Likitocin zuciya sun ƙiyasta cewa aƙalla mutum ɗaya cikin uku zai suma sau ɗaya a rayuwarsa, an fi fara shi wajen shekara 15, 'yan mata sun fi samari, sannan ya sake yawaita in an tsufa. Ba ruwansa da ragonta. A watan Yunin 2023, a Landan, ana atisayen fareti gaban Yarima William, sojojin fada aƙalla uku suka zube cikin jajayen rigunansu da dogayen hulunan gashi. Zafin ranar digiri 30 ne ko kusa da haka. Mu nan ai wannan la'asar ɗin hunturu ce.

A Injamena, matsakaicin zafin rana a watan Afrilu yana kai wa digiri 41, ranakun 44 da 45 kuwa ba labari ba ne. Daga Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, iska kanta kamar daga bakin tanda take fitowa. Wanda ya tsallaka gada zuwa Kuseri ya ga yadda kogunan Logon da Shari suka janye suka bar yashi ya san bazara ta zauna. Ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai ke da lantarki, mai shi ɗin ma yana kwana yana jiran a kawo, fanka ado ce. Dare ya yi, kwano da bulo suna amayar da zafin da suka haɗiya tun safe. Mutum ya kwana yana gumi a tsakar gida, ya tashi da bashin ruwa a jikinsa, ya kurɓi shayi ɗan mitsitsin kofi, ya fita nema. Mu mutanen shayi ne, ban ƙi ba, amma zagaye uku na shayi ba su kai rabin moɗa ba. Mai aikin ƙarfi a rana, irin masu buga bulo a bakin kogi da 'yan ga-ruwa masu tura kura, yana iya zubar da gumi lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 3 ga Afrilun 2024 ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ƙirga gawa 102 a kwanaki huɗun farko na watan, alhali a duk Afrilun shekarar da ta gabace ta 130 ya samu. Yawancinsu tsofaffi ne, ana cikin azumi, ga ɗaukewar wuta. Wata biyu bayan haka, a aikin Hajji, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 ne suka rasu, zafi ya haura digiri 51 a Makka. Sudan ta Kudu ta rufe makarantunta saboda zafi a Maris na 2024, ta sake rufewa a Fabrairun 2025, bayan da ma'aikatar iliminta ta ce ɗalibai kimanin 12 ke faɗuwa kowace rana a birnin Juba. Su dai sun ƙirga. Wanda ya ƙirga ya kama hanyar gyara.

Sai dai a rarrabe. Wanda ya suma don tsayuwa a rana, in an kwantar da shi a inuwa zai dawo hayyacinsa, ya san sunansa, ya san inda yake. Wanda zafi ya dafa kuwa, jikinsa ya haura digiri 40, ya yi zafi rau, yana sambatu ko tangaɗi ko fizge-fizge, ko ya ƙi farkawa, wannan yana bakin kabari. A cire masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata in akwai, ana yi ana neman mota. Sanyayawar ba ta jiran asibiti.

Akwai kuma nau'in da ya fi tayar da hankalin iyaye, wanda a makarantun garin nan ake kira da kalmar Faransanci, senkop. Ɗaya ta faɗi, ta kusa da ita ta bi, kafin a ankara goma suna ƙasa, wasu na ihu, wasu na mimmiƙewa, a tashi makaranta. Jaridu da gidajen rediyonmu sun sha kawo labarin. Ba mu kaɗai ba ne. A Kano, a tsakiyar shekarun 1990, ɗaruruwan 'yan matan sakandare sun shiga irin wannan hali, aka ce aljana ce mai suna Sumbuka, kuma daga lokacin ne kasuwar ruƙiyya ta buɗe sosai. A Nijar sun raɗa wa nasu suna da Faransanci, wai aljani sarkin surutu. Senegal na da Jinne Maimuna. Amma a shekarar 1965, a garin Blackburn na Ingila, 'yan mata 85 aka kwasa daga makaranta guda zuwa asibiti cikin 'yan sa'o'i, suna jiri suna zubewa. Aka bincika abinci, aka bincika iska, ba a sami guba ko ƙwayar cuta ba. Likitocin da suka bi diddigi suka ce firgici ne ya yi naso, da saurin numfashin da yake haifarwa. Kwana ɗaya kafin nan an tsayar da ɗaliban dogon lokaci a wani biki, wasu sun suma, labarin ya kwana a bakinsu.

Ni Musulmi ne, ban musa samuwar aljanu ba, kuma ba na cikin masu cewa yaran nan ƙarya suke yi. Wahalar gaskiya ce. Wanda ya firgita ya yi ta haki da sauri, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna tsukewa, yatsu su ƙage, leɓe ya yi tsami, jiri ya ɗebe shi. Ina dai mamakin aljanin da ya fi sha'awar aji mai ɗalibai ɗari ƙarƙashin kwano, da cikin da bai karya ba, da makon jarrabawa. Abin da aka gani yana kashe wutar a ko'ina iri ɗaya ne: a janye wadda ta fara faɗuwa daga idon sauran, a kai ta wuri mai iska, babba ɗaya mai sanyin murya ya zauna da ita, a hana cincirindo da ɗaukar bidiyo. Mu kuwa sai mu tara su a ɗaki guda, a rufe taga, a turnuƙe su da hayaƙi, wani ya ɗauko bulala. Ayar Allah ba ta hana a ɗaga ƙafa. Mai tofi ya yi tofinsa yarinya tana kwance, iska na shiga. Duka da shaƙa hayaƙi da ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, waɗannan ne ban san inda aka samo su ba. Ruwan da aka ɗura wa sumamme huhu yake tafiya.

Wata ɓarnar da wannan fassara ta aljanu ke yi ta fi wannan girma, domin tana rufe sumar da ke kisa. Mu da Kamaru kogi ne tsakaninmu, kuma da yawa a garin nan suna gaban talabijin ranar 26 ga Yunin 2003, lokacin da ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya zube a tsakiyar fili a Lyon ana wasa da Kolombiya, ba wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28. Bincike ya nuna naman zuciyarsa ne ya yi kauri fiye da ƙima. 'Yan Najeriya ba su manta da Samuel Okwaraji ba, Agustan 1989, a Legas, ana karawa da Angola. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi irin wannan faɗuwa a Yunin 2021, amma ya tashi, saboda nan da nan aka fara danna masa ƙirji aka kuma kawo na'urar da ke tayar da zuciya. Sumar zuciya tana da alamunta. Takan zo ana tsakiyar gudu ko aikin ƙarfi, ko mutum yana kwance, sau da yawa ba jiri ba gargaɗi. Wani zai ce ya ji zuciyarsa na fizga ko ƙirji ya riƙe kafin ya tafi. In a gidan an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi, ko mai sumar dattijo ne, ko an san shi da ciwon zuciya, to ko ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi a yi masa gwajin ECG. In kuwa ya faɗi ba ya numfashi, ba albasa ba ɗaga ƙafa, tsakiyar ƙirji za a yi ta dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso.

Haka macen da ta yi ɓatan wata, ta suma da ciwon mara: yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, tana zubar da jini ta ciki. Haka mai baƙin bayan gida kamar kwalta. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, ya fara rawar jiki da gumi, suga yake buƙata tun yana iya haɗiya. Yaro mai zazzaɓi da ya fita hayyacinsa a wannan yanki na maleriya da sanƙarau, shi ma ba a zaman jira da shi. Farfaɗiya kuma daban take, duk da cewa mai suma ma yakan ɗan fizga sau biyu ko uku: ita fizgarta ta fi tsawo, akan ciji gefen harshe, kuma mutum yakan daɗe a ruɗe bayan ya tashi. A juya shi kan gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali. Mu da muke kwana da janareta a bakin taga, in mutum biyu a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri, a zargi hayaƙinsa, a fita waje tukuna a yi shawara.

Azumin 2022 da 2023 da 2024 duk a tsakiyar bazara suka faɗo, kuma na ga dattawa suna zubewa a sahu. Wani maƙwabcinmu mai hawan jini, yana shan ƙwayar da ke sa fitsari, ya daɗe zaune yana sauraron tafsiri, aka tayar da iƙama ya zabura, kafin a yi kabbara ya tafi luu, na gefensa ya tare. Da ya dawo na ce, "Baba, likita ya san kana azumi da maganin nan?" Ya ce, "Ɗana, ai kunya nake ji in tambaya." Ga shi kuwa addinin ya riga mu sauƙi. An so a jinkirta sahur. Ya inganta a hadisi cewa in zafi ya tsananta a jinkirta Azahar har a sami sanyi. Wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wajibi ne ya sha ruwa ya rama. Tsoho ya koyi tashi hawa-hawa: daga kwance ya zauna, ya motsa ƙafa, ya ƙirga ashirin, sannan ya miƙe. Musamman tashin dare zuwa fitsari, nan ne da yawa suke fasa kai.

Jiki magayi ne, ba kasafai yake kayar da mutum bai yi sallama ba. Kunya ce ke sa a yi biris. Kana cikin sahun jana'iza ko layin mai, ka ji duhu na zuwa, amma ka ce bari in daure kada a ce. In ba wurin kwanciya, tsugunna. In tsugunnon ma ba hali, harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi da ciki da ƙarfi, ka dunƙule hannu; an gwada wannan a asibitoci, yana ɗaga ƙarfin jini ya ba ka lokacin isa inuwa. Ma'aunin ruwa kuma kowa na ɗauke da shi: fitsarin da ya koma kalar shayi yana cewa a ƙara. Wanda ya yi gumi mai yawa, ko gudawa, ya haɗa lita guda ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya kuwa, ya tambayi likitansa kafin ya ƙara gishiri. Kunu da fangasu biyu kafin a fita sun fi kuɗin kilando zuwa asibiti araha.

Amma ba zan ɗora duk nauyin a kan yarinya 'yar shekara 15 ba. Ba ita ta tsara tsayuwar rabin awa a rana ba. Daga Maris zuwa Mayu, ɗaga tuta ya zama na minti biyar, sauran jawabi a yi shi a aji. A sa randa da moɗa a ƙofar kowane aji, ƙungiyar iyaye za ta iya wannan ba sai gwamnati ba. A gyara bayan gida, domin muddin ba ya shiguwa, 'yan mata za su ci gaba da azumin dole. Kowace makaranta ta sami malamai biyu da suka koyi taimakon farko. Red Cross ta Chadi tana koyar da shi. Ma'aikatun ilimi da na lafiya su fara rubuta adadin masu faɗuwa, a wace makaranta, a wane wata, da ƙarfe nawa. Masu wa'azin maƙabarta da tsakar rana su ma a tausaya.

'Yar ƙanwata ta sha ƙwayoyin ƙarin jini wata uku. Kwanaki muna gidan biki, an daɗe a tsaye ana jiran amarya, na hango ta ta tsugunna tana taɓa igiyar takalminta. Da ta miƙe na ce, "Takalmin ne ya tsinke?" Ta yi dariya ta ce, "A'a, Kawu, na ji abin yana zuwa ne, na riga shi ƙasa."

Uwarta har gobe cewa take rubutun malam ne ya yi aiki. Ban taɓa yi mata musu ba. Da ruwa ake wanke allo, kuma kofi biyu cike take ɗirka wa yarinyar kowace safiya kafin ta fita.